Laka a Cikin Yashi: Amanar da Ke Kan Kwamitin Ginin Masallaci

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa Musulmi, daga Walewale zuwa Yendi, Salaga da Bawku, jama'a suna tara sidi bayan sallar Juma'a don gina masallatai da makarantu. Muna yawan tattauna farashin siminti da rodi, amma da wuya mu tambayi irin yashin da tifa ta zube. Alhali sau da yawa daga nan ɓarna take farawa.

Kankare haɗi ne na siminti, yashi, tsakuwa da ruwa. Aikin siminti shi ne ya kama jikin kowace ƙwayar yashi da tsakuwa. Idan laka ta lulluɓe su, siminti zai kama lakar ne kawai, kamun kuma ba ya ƙarko. Na biyu, laka tana shan ruwa, sai kwaɓin ya yi tauri, birkila ya ƙara ruwa, kuma yawan ruwa yana rage ƙarfin kankare. Na uku, laka tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, sai bango ya tsage, ruwa ya kai ga rodi ya yi tsatsa. Shi ya sa ƙa'idar injiniyoyin Amurka ta taƙaita irin wannan ƙura a yashi zuwa kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyinsa.

Laka ba abin ƙi ba ce a muhallinta. Da ita aka gina masallacin Larabanga, yana nan tsaye ƙarnuka. A shekarun 1970 da aka shafe shi da siminti, danshi ya maƙale a cikin bangon ya yi masa illa, sai da aka kankare simintin aka mayar da yaɓen ƙasa. Kowanne da wurinsa, haɗa su ne matsala.

Gwajin ba ya bukatar kuɗi. A zuba yashi cikin kwalba mai haske har tsayin santimita 5, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza sosai, a ajiye awa 3. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. Idan kaurinta ya wuce milimita 3 ko 4, a wanke yashin ko a mayar wa mai shi. Ƙara buhun siminti ba ya magance wannan, asarar kuɗin jama'a ce kawai. Kada a zube yashi a kan jar ƙasa, domin shebur yana kwaso ta. Bayan zubi kuma a riƙa ba kankare ruwa aƙalla kwana 7, musamman lokacin hunturu.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji jiƙaƙƙe a ɓoye a ƙasa, sai ya tsawatar masa kan algus. Mai sayar da yashin rami da sunan na kogi ya ji tsoron Allah. Kwamitin da ya karɓa bai duba ba shi ma ya yi sakaci da amana, domin a ƙarƙashin wannan rufi 'ya'yanmu za su zauna karatu.

Allah Ya sa mu dace. Wallahu a'alamu.