Jiran Mota A Dandalin Disney

A dandalin shaƙatawa na Walt Disney World da ke Jihar Fulorida a Amurka, wanda aka buɗe a 1971, motocin safa kan kwashi baƙi kyauta daga masaukai zuwa wuraren wasa, kusan kowane minti 20. Amma baƙon da ya tsaya cikin rana, ga yara suna kuka, sai ya rantse awa guda ya yi.

Tun 1985 masani David Maister ya bayyana cewa jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi tsawo a zuciya. Daga baya an kafa alluna a tashoshi masu nuna lokacin isowar mota. Hankali kan kwanta, sai fa in allo ya ce minti 5 aka yi 15, lokacin nan ƙorafi kan fi na da.