Matsalar Adana Lissafin Alamomin Gado a Kwamfuta

Jikin ɗan Adam yana ɗauke da haruffan DNA kimanin biliyan 3, a jere cikin tagwayen kiromosom guda 23. Galibinsu iri ɗaya ne ga kowa. Wurare ƙalilan ne ake bambanta, su ne kuma masana ke kira alamomi. Alamomin da ke maƙwabtaka a kiromosom ɗaya sukan tafi tare daga kakanni zuwa jikoki, har ta kai in ka san harafin da mutum ke da shi a wannan wuri, kana iya canko na wancan. Wannan rakiyar gado ita ake taƙaitawa da LD, kuma Richard Lewontin da Ken-Ichi Kojima ne suka raɗa mata suna a 1960.

Abin bai yi nisa da mu ba. Canjin da ke haddasa cutar sikila yana kan kiromosom na 11, kuma da alamomin da ke rakiyarsa aka rarrabe nau'o'insa: na Benin, wanda ya fi yawa a Najeriya, da na Senegal, da na Bantu, da na Kamaru, da na Larabawa da Indiya.

Ana auna ƙarfin rakiyar da ma'aunai kamar D', wanda Lewontin ya kawo a 1964, da r², wanda ke tashi daga 0 zuwa 1. Lissafin ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne ajiye sakamakon, domin kowace alama sai an gwada ta da kowace. Alamomi 1,000 suna ba da gwaji 499,500. Alamomi 1,500 kacal sun zarce layuka 1,048,576 da shafin Excel ke iya ɗauka. Idan suka kai miliyan ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a binciken yau, gwajin ya doshi biliyan 500, wato kusan terabait 4 ko da lamba ɗaya tak aka ajiye wa kowanne.

Shi ya sa manhajoji ke rage kaya. Amsar alama ta farko da ta biyu ita ce amsar ta biyu da ta farko, don haka rabin jadawalin ya isa. Manhajar PLINK, wadda Shaun Purcell da abokan aikinsa suka gabatar a 2007, ta fi haka tsumulmula. Idan ba a sauya mata umarni ba, ba ta gwada alamomin da nisansu ya wuce haruffa miliyan ɗaya, ba ta kuma rubuta duk r² da bai kai 0.2 ba. Hikima ce, amma tana da tarko: ɗalibin da ya buɗe fayil bai ga alamomi biyu ba, sai ya ɗauka babu rakiya tsakaninsu, alhali wataƙila ba a ma gwada su ba.

A manhajar R, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand, matsalar ta sha bamban. Abin da ta nuna a allo sau da yawa taƙaitawa ce, an datse lambobin. Cikakken sakamakon yana ƙunshe a ciki, jadawali daban ga kowane ma'auni. Mai kwafe abin da ya gani a allo ya yi asara. Abin da ya dace shi ne ya ba sakamakon suna, ya adana shi ɗungurungum da umarnin saveRDS, sannan ya ciro abin da yake buƙata.

A ganina, babban sakaci shi ne ajiye lambobi tsirara. LD ba ɗaya take ga duk al'ummai ba. Lokacin da shirin HapMap, wanda aka fara a 2002, ya kwatanta Yarabawan Ibadan da Turawa da mutanen China da Japan, an ga rakiyar ta fi gajarta a Afirka, saboda al'ummun nahiyar sun fi daɗewa, kiromosom ɗinsu ya fi samun zarafin cakuɗewa. Jadawalin da aka lissafa da jinin Turawa na iya ɓatar da mai bincike a Kano. Dole fayil ya faɗi daga wace al'umma samfurin ya fito, mutum nawa ne, da taswirar da aka bi, domin lambar mazaunin alama a GRCh37 ta 2009 takan saɓa da ta GRCh38 ta 2013. A rubuta kuma harafin da aka ɗauka a matsayin tushe a kowace alama, tunda sauya shi yana juya r, wadda daga gare ta ake samo r², daga ƙari zuwa ragi. Wanda ya ajiye r² kaɗai ya riga ya zubar da wannan bayani, kuma ba ya dawowa sai an sake lissafi daga tushe.