Sandar da ke Riƙe Ƙafar Keke Ba Tare da Sufana Ba

Duk mai keke ya san wahalar kwance noti da sufana in taya ta yi faci a hanya. Yau za mu yi bayanin wata dabara da ta rage wannan wahala.

Wani ɗan tseren keke na ƙasar Italiya, Tullio Campagnolo, shi a ke danganta wa ƙago ta. An ce a shekarar 1927, yana cikin tsere a kan tsaunin Croce d'Aune, sanyi ya ƙandarar masa da yatsu har ya kasa kwance notin ƙafar kekensa. A 1933 ya kafa masana'antarsa a garin Vicenza.

Ga yadda abin ya ke. Ƙarfen da ƙafar keke ke juyawa a kansa, sai a yi shi da rami kamar bututu, a zura masa wata siririyar sanda mai kaurin milimita 5. A kai ɗaya akwai noti wanda a ke murzawa da yatsu, a ɗaya kan kuwa akwai ɗan mariƙi mai lanƙwasuwa. To, asirin yana gindin mariƙin nan. Ba a tsakiya aka huda shi ba, watau gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. In ka danna mariƙin, sai gefe mai kauri ya shigo, ya ja sandar, ita kuwa ta matse ƙafar tsakanin ƙarafan keken gam. Da ya ɗan wuce wuri mafi kauri, sai jan sandar da kansa ya hana shi buɗewa.

Amma a yi hattara. Waɗansu kan murza mariƙin kamar noti, su bar shi a buɗe, suna tsammani ya ɗauru. Wannan ganganci ne, domin ƙafar gaba tana iya ficewa ana cikin gudu, mahayi ya faɗi ta ka. Abin da ya kamata shi ne a daidaita notin tukuna, yadda mariƙin zai fara tauri tun daga rabin hanya, sa'an nan a danne shi da tafin hannu har ya bar shaida a fata. Kafin ka hau, ɗaga gaban keken ka bugi taya da hannu. In ta yi motsi, sake ɗaurewa.

Sai kuma mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.