Babur Mai Nauyi da Mara Nauyi: Wanne Ya Fi Iya Hanyar Burji?

Duk wanda ya san lungunan Kawo da Rafin Guza a watan Agusta, ya san yadda ruwan sama kan mayar da jar ƙasa taɓo mai santsi. A irin wannan hanya nauyin babur ya fi ƙarfin injinsa muhimmanci.

Bajaj Boxer, wanda 'yan acaɓa suka saba da shi, kimanin kilo 110 ne. BMW R 1250 GS kuwa, na masu dogon zango, ya kai kilo 249. Tunda ɗan wuri kaɗan taya ke taɓawa a ƙasa, gwargwadon nauyin babur, gwargwadon yadda zai nutse cikin laka. Haka nan idan ya karkata, ƙafar mahayi ce za ta tare shi, kuma ba kowace ƙafa ke iya tare kilo 249 ba. Sau da yawa a nan ake samun karaya.

To amma a kan kwalta, kamar hanyar Zariya, nauyin nan shi ke hana iskar tirela jijjiga babban babur, ga kuma tanki mai cin lita 20. Saboda haka, kafin mai saye ya tambayi ƙarfin inji, ya fara duba hanyar da zai riƙa bi kullum.