Kuskuren Manhajar Tushe a Kwamfutocin Samsung na 2013

Manhajar tushe ita ce wadda masana'anta ke dasawa a cikin kwamfuta domin ta tayar da na'urar, sannan ta miƙa ragama ga zuciyar tsarin aiki. A watan Janairun 2013, wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka na Samsung sun mutu ɗungurungum bayan an tayar da Linux a kansu ta hanyar UEFI. Da farko Linux aka ɗora wa laifi, har sai da Matthew Garrett ya nuna cewa daga Windows ma hakan na faruwa: manhajar tushen ce ke kasa tashi idan ma'ajiyar bayananta ta cika. Masu kula da Linux suka hana cika fiye da rabin ma'ajiyar. Don haka ya wajaba mai gyara ya binciki manhajar tushe kafin ya zargi tsarin aiki.