Neman asali: sawun kakannin Damagaram ya tsallake iyaka

A Guna, kudu maso gabas da birnin Damagaram, cikin gundumar Mirya, dattijo yakan lissafa kakanninsa hawa huɗu ko biyar ba tare da ya yi tuntuɓe ba: wane ya haifi wane, wane ya sari wancan daji, wane ya gina rijiyar bakin gari. Daga nan sai sunaye su ƙare, ya rage sai nuni da hannu. Wani ya ce daga gabas suka zo, wani ya ce ƙanen kakansu ya yi kudu shekarar yunwa bai komo ba, wani kuwa ya ce an kama wata gwaggo tana yarinya, aka yi arewa da ita. Maganar takan kwanta shekara da shekaru, sai ranar neman aure, ko rabon gona, ko takarar sarauta, sa'an nan a tashe ta. Su kuwa ƴan boko da ƴan kasuwar da suka ce sai sun bi sawun nan har ƙarshensa, abin da suke fara ganewa shi ne, rabin tarihin gidansu ba ya cikin Nijar.

Dalili kuwa yana cikin tarihin ƙasar kanta. Gidan sarautar Damagaram daga Barno ya samo tushe, daga wani malami da ya zauna a wannan yanki a farkon rabin ƙarni na 18, kuma sarakunan sun daɗe suna kai gaisuwa Barno kafin su yi ƙarfin da za su ɗaga kai. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, birnin ya sami ganuwa da igwa, ya zama mahaɗar ayarin Tarabulus da Gat da Agadas da fataken Kano da Kukawa. Jimina da fata da kanwa da gishiri sun bi waɗannan hanyoyi; mutane ma sun bi su, wasu da ƙafarsu, wasu da igiya a wuya. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka birnin a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga ana shigowa da kamammu daga hari, mata da yara, waɗanda aka kwaso daga garuruwan da ba su da nisa, don a biya bashin fatake. Ƙauyukan kudu su ne rumbun da ake ɗiba. Wanda aka sayar kuwa, sunansa ake fara canzawa.

Cikin dubban da suka salwanta ta wannan hanya, yaro ɗaya ne muryarsa ta tsira da Hausarsa. Dorugu sunansa. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, aka kama shi yana ƙarami, aka bi da shi ta Damagaram zuwa Kukawa. Can ya faɗa hannun Bajamushe Adolf Overweg, wanda ya ƴanta shi. Da Overweg ya mutu a bakin tafkin Cadi a 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim, ya ɗauki Dorugu da wani yaro mai suna Abbega. Tare suka je Tumbutu suka komo, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka isa Landan a 1855. A Ingila wani fada mai nazarin harsuna, James Frederick Schön, ya zaunar da yaron yana faɗi yana rubutawa: garinsu, iyayensa, ranar da aka kama shi, sanyin ƙasar Nasara da yadda suke cin abinci. Labarin ya fito a littafin Magana Hausa a 1885, kuma a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da shi da Ingilishi a Amurka. Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya ƙare rayuwarsa a Kano, inda ya rasu a 1912. Abin lura a nan shi ne, ɗan Kance ko ɗan Guna da ke son jin yadda ƙauyen ƙasarsa yake kafin zuwan Faransawa, daga bakin ɗan ƙauyen kansa, sai ya nemi littafin da aka buga a Landan. Kuma Dorugu ya sami wannan gata ne don kawai ya gamu da masu alƙalami. Sauran yaran da aka ɗaure tare da shi ba wanda ya san inda suka kwana.

Tafiyar da ta fi sauƙi, ta kuma fi yawan amfani, ita ce ta kudu. Tsakanin Damagaram da Kano bai wuce kilomita 240 ba, kuma iyakar da Faransa da Ingila suka shata da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 ta ratsa dangi ne, ba ta raba su ba. Yaƙe-yaƙen Sarki Amadu Kuran Daga da Sarkin Kano Alu a ƙarshen ƙarni na 19 sun kai kamammu nan, sun kai can. Bayan Faransawa sun ci Tirmini a 1899, lanho da aikin tilas da ɗibar soja suka riƙa korar gidaje ɗungum zuwa ƙasar Daura da Kazaure da Gumel da Haɗeja. Yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 ta ƙara kora, kuma ba a soke aikin tilas ba sai 1946. Mai neman dangi a can ba takarda ce ke yi masa jagora ba. Yakan sauka wurin mai unguwa ko limami, ya faɗi sunan garinsu da laƙabin wanda ya ɓata da sana'arsa, ko maƙeri ne, ko marini, ko ɗan koli. Tsagar fuska a da ita ce katin shaida: tsohuwa takan dubi kumatun baƙo ta faɗi gidansu tun bai buɗe baki ba. To amma an daina tsaga, masu karanta ta kuma suna ƙarewa.

Gabas da arewa sun fi wuya. Hanyar hajji ta ƙasa ta shanye mutanen da ba su da iyaka: suna tafe suna noma don guzuri, wasu suka isa Makka bayan shekaru, wasu suka tsaya Sudan suka zama ƴan ƙasa. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, shi ne ya fi suna, amma zuriyar Hausawa da Barebari ta bazu har Gadarif da Kasala da bakin Bahar Maliya. A Tunis, inda Ahmad Bey ya soke bauta tun 1846, jikokin bayi sun riƙe wasan da ake kira stambali, ɗan'uwan bori, wanda kalmomin Hausa da Barbarci suka maƙale cikin waƙoƙinsa, har akwai gidan da aka sani da Dar Barnu, wato gidan Barno. Wanda ya je can zai ji ƙamshin gida, amma da wuya ya sami suna. An tuna da ƙasa, an manta da ƙauye.

Sai kuma takardun Nasara, waɗanda mutane suka fi ɗora wa buri. Suna warwatse ne wuri uku. A Yamai akwai gidan ajiyar takardun ƙasa, da cibiyar IRSH mai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da marigayi Bubu Hama ya aza harsashinsu, da cibiyar CELHTO mai adana tarihin baka. Takardun babban gwamnan Afirka ta Yamma sun zauna a Dakar, na ma'aikatar mulkin mallaka kuwa suna Aix-en-Provence a kudancin Faransa. Idan kakan mutum ya taɓa sarauta, ko ya yi rigima da kwamanda, to akwai alamar samun sa. Misali, ƙarar da aka ƙulla wa Sarki Amadu Ɗan Basa a 1906, wadda ta sa aka tuɓe shi aka kai shi Kodibuwa, ta bar tarin takardu masu ɗauke da sunayen fadawa da malamai da attajirai irin su Malam Yaro. Marigayi André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya haɗa irin waɗannan takardu da abin da ya ji daga bakin dattawa ya fitar da littafinsa kan Damagaram a 1971. Tsohon soja ma yana da fayil, mai lamba da sunan gari da shekarar da aka ɗauke shi.

Amma talaka manomi, takarda ba ta san shi ba sai a matsayin kai guda cikin ƙidayar lanho. Mata kuwa sun fi ɓacewa. Ko inda aka rubuta suna, tafinta ya faɗa, magatakarda ya rubuta yadda kunnensa ya ji, sai Guna ta zama Gouna, Mirya ta zama Myrria ko Mirriah, Mahamman ɗaya ya zama mutum uku. Shekarar haihuwa kuma kintace ce, ana duban haƙora da tsawo a rubuta "wajen shekara kaza". Wanda ya tafi da sunan yanka kawai, ba laƙabi, ba sunan uba, ba sunan mai garin zamanin, kuɗin jirginsa ya tafi a banza. Shi ya sa masana ke cewa a fara da tsofaffin gida, musamman mata, waɗanda suka fi riƙe wace ce ta auri wane, kuma daga wane gari aka kawo ta.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Hausawa na cewa garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Maroƙi yakan kai asalin kowane mai kyauta Barno, in kyautar ta yi kauri ya wuce da shi Yamal. Bincike ba ya da wannan kara. Yana iya nuna cewa kakar da ake taƙama da ita kuyanga ce aka saya a kasuwa, ko kuwa kakan da ake yi wa kirari da jarumta shi ne ya kwashi ƴaƴan maƙwabta ya biya bashi da su. Dokar Nijar ta 2003 ta mai da bauta laifi, amma ba ta hana a fasa aure a ɓoye saboda kalmar "bawa" ba. Don haka wani yakan komo daga tafiya da amsa a aljihu, ya ce wa dangi bai sami kome ba. Ba a yi masa adalci ba in an ce ƙarya ya yi don son kai. Yana da ƴaƴa mata da ba su yi aure ba.

Hanyoyin kansu sun ƙuntata. Kukawa da kewayenta sun sha fama da Boko Haram tun bayan 2009. Libiya ba ta zauna daidai ba tun 2011, Sudan ta faɗa yaƙi a watan Afrilun 2023. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, abin da ya sa neman biza don zuwa Aix ya zama wata tafiyar daban. Wasu takardun an ɗora su a intanet, ciki har da katunan sojojin da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, inda ɗalibi zai iya neman na yankin Damagaram daga wayarsa. Iyakar kudu, wadda aka rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, an sake buɗe ta a Maris na 2024, kuma motocin Magarya da Matamai suka ci gaba da ɗaukar masu zuwa biki da ta'aziyya a Daura da Kano, waɗanda cikinsu akan sami mai ɗauke da sunan wani kaka a rubuce cikin ƴar takarda.