Kafin Ka Kama Hayar Shago

Da zarar mutum ya kwashi adashi ko an raba gado, kuma yana da niyyar sana'a, abin da yake fara nema shi ne shago. Daga nan asara take somawa. A Kano ko Kaduna, da wuya mai shago ya karɓi hayar wata ɗaya, ta shekara yake so a dunƙule. Ga la'adar dillali, ga fenti, ga kanta. Kafin a zuba kaya jari ya rame, alhali ba a san ko akwai masu saye ba.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma gwajin sana'a ba ɗanɗana wa 'yan gida ba ne su ce "kai, ya yi daɗi". Yabo kyauta ne. Gwaji shi ne wanda ba ya jin nauyinka ya zaro kuɗi ya biya, bayan kwana biyu kuma ya dawo da ƙafarsa. Na farko kara na iya sa shi ya saya, na biyu kuwa sai in kayan sun yi masa.

A ce mace tana son sayar da kunun aya. Ta fara da gora ashirin, ta ɗauki biro ta rubuta komai: aya, dabino, kwakwa, sukari, kuɗin markaɗe, robobi, ƙanƙara, har da kuɗin adaidaita sahu zuwa kasuwa da dawowa. Waɗannan ƙananan su ne ake mantawa, kuma su suke cinye riba. Sannan kunun aya ba ya jira. A zafin watan Afrilu, in babu sanyi, kafin yamma ya fara tsami, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareto saboda firji ɗaya ya fi ƙarfin ƙaramin jari. In gora biyar suka yi kwantai, zubarwa za a yi. Mai yaji ko turaren wuta kuwa, abin da bai shiga yau ba yana nan har wata mai zuwa. Shi ya sa a ganina mai ƙaramin ƙarfi ya fi dacewa ya soma da abin da ba ya lalacewa, ko kuma ya yi na oda kawai.

Akwai ma masu farawa ba tare da sun sari komai ba. Matasa da matan aure da yawa suna ɗaukar hoton atamfa, leshi da shadda a Kantin Kwari, su ɗora a WhatsApp, sai mai so ya ba da kafin alƙalami sannan su je su karɓo, su kai tasha a tura masa. Ribar ba ta da yawa, gaskiya, amma cikin 'yan makonni mutum zai san wane zane ne ke tafiya, kuma su waye masu sayensa. Jarin wannan hanya amana ce. Hoto ɗaya ya saɓa da abin da aka aika, labari ya zaga dangi kaf.

Wajen sa farashi, a duba nawa za a sake saro kayan gobe, ba nawa aka saye su jiya ba, don kasuwar yanzu ba ta kwana inda ta yini. A raba aljihun sana'a da na cefane, ko da asusu ne na daban a waya. Rajistar suna a CAC da lambar NAFDAC ga masu kayan ci na leda ko kwalba suna da lokacinsu, musamman in ana son manyan kantuna su karɓa, sai dai a bari ciniki ya fara kankama.

Saura bashi, wanda ya fi komai karya sabon ɗan kasuwa, kuma galibi daga gida yake fitowa. "Ba ni biyu, zan turo anjima." Anjimar nan takan kai sallah, mai kaya kuma yana jin kunyar tambaya. Don haka ku 'yan'uwa da abokan arziki, in da gaske kuna son ɗanku ko ƙanwarku su tsaya da ƙafarsu, ku sayi kayansu a farashin da suka faɗa, ku biya nan take.